Littafin Bashi da Tafintan SQL: Yadda Aka Fara Aiki da SQLAlchemy a Wani Siton Hatsi na Aboabo

A unguwar Aboabo da ke Kumasi akwai wani Alhaji, maƙwabcin gidanmu, wanda ya daɗe yana sana'ar hatsi a wani sito mai ƙofa biyu. Masara tana zo masa daga Techiman, gero da wake da gyaɗa kuma daga Tamale da garuruwan da ke kewaye da ita, sannan mafi yawan masu sayen kayansa mata ne masu koko da ƙosai da masu dafa waakye, wato shinkafa da wake, a Asawase da Sabon Zongo da Alabar. Da wuya a sami wadda take biya nan take a cikinsu. Ana auna mata kaya da safe a rubuta a littafi, ta dawo bayan kwana uku ko mako guda da abin da ya samu, wani lokaci tsabar kuɗi a ƙulle a bakin zane, wani lokaci kuma ta tura ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya. Saboda haka littafin bashin nan ya fi buhunan da ke jibge a siton daraja, domin idan buhu ya jiƙe an yi asarar buhu ɗaya ne, amma idan shafi ya ɓace an rasa shaidar da ke tsakanin Alhaji da mutanen da suka amince da rubutunsa.

'Yar ƙanwarsa ce, wadda ta gama karatun kwamfuta tana jiran a tura ta hidimar ƙasa, ta kawo shawarar a mayar da littafin cikin kwamfuta. Ta rubuta ƙaramar manhaja da harshen Python, ta ajiye bayanan a SQLite, wato rumbun bayanai wanda gaba ɗayansa fayil ɗaya ne a cikin kwamfuta, ba ya bukatar wata na'ura ta daban da za ta ɗauke shi. Zaɓin ya dace da sito mai kwamfuta guda. Matsalar ta fito ne daga yadda take magana da rumbun, domin da hannu take haɗa umarnin SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, ta ɗauko abin da aka buga a gurbin suna ta manna shi a tsakiyar jimlar umarni. Haka ta yi ta aiki lafiya har ranar da aka zo shigar da suna mai ɗauke da alamar nan ta hamza, irin su Sa'adatu da Mu'azu da Isma'ila. A cikin SQL wannan alama ita ce take buɗe rubutu kuma take rufe shi, don haka rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ya ga ragowar haruffan a matsayin umarnin da bai sani ba, ya ƙi karɓa. A nan aka kira ni, kasancewar rubuta manhaja ita ce sana'ata.

Gaskiya ita ce wannan kuskure kaɗai bai isa ya sa a sauya tsarin aikin ba. Python yana da hanyar miƙa suna dabam da umarni dabam, a sa alamar tambaya a inda sunan zai zauna, rumbun da kansa ya cike gurbin ba tare da ya ɗauki sunan a matsayin umarni ba. Wannan ita ce kuma kariyar da ke hana mugu cusa nasa umarnin ta ɓarauniyar hanya. Abin da ya sa na ba ta shawarar ta koma ga tafinta, wato manhajar da ke tsayawa tsakanin Python da SQL, shi ne abin da na gani da na karanta rubutun manhajar baki ɗaya: jimlar SQL iri ɗaya an maimaita ta a wurare da yawa, kowace da ɗan bambancinta, kuma ana ɗauko sakamako da lambar matsayi, gurbi na uku, gurbi na biyar, ta yadda duk ranar da aka ƙara gurbi ɗaya a tebur sai an bi wuraren nan kaf an sake ƙirga.

Abin da nake kira tafinta shi ne abin da masu sana'ar suke kira ORM a taƙaice. Rumbun bayanai irin na SQL ya ginu ne a kan tsarin da Edgar Codd ya bayyana a 1970 yana aiki a IBM, inda komai yake zaune a tebura masu layuka da gurabe, kuma lambobi ne suke haɗa tebur da tebur. Python kuwa da abubuwa yake tunani: ga mai saye, yana da suna, yana da jerin cinikin da ya yi. Tafintan yana tsayawa tsakanin harsunan biyu, ya mayar da aji ɗaya na Python, wato tsarin da ke bayyana siffar abubuwa iri ɗaya, tebur ɗaya, abu ɗaya layi ɗaya, sannan ya rubuta SQL ɗin da ake bukata a madadin mai manhaja. Irinsa suna da yawa, akwai Hibernate a harshen Java, akwai wanda ke cikin Django, akwai Sequelize da Prisma ga masu JavaScript. Mun ɗauki SQLAlchemy, wanda Michael Bayer ya fitar a 2006 kuma sigarsa ta 2.0 ta fito a Janairun 2023, saboda ba ya tilasta wa mutum ɗaukar wani babban tsarin gina shafin intanet tare da shi, kuma ba ya ɓoye SQL ɗin da yake rubutawa ga wanda ya so ya gani.

Kafin ta rubuta layi ɗaya na sabon tsarin, na roƙe ta ta rufe kwamfutar ta yini a siton da littafin a gabanta. Ta ɗan ji nauyin abin, domin a ganinta ta riga ta san littafin kawunta tun tana ƙarama, amma yinin nan shi ne ya tsara duk abin da ya biyo baya. A tsohuwar manhajar kowane mai saye yana da gurbi ɗaya mai suna ragowar bashi, wanda ake ƙarawa idan an ɗauki kaya, a rage idan an biya. Da ta lura da kyau sai ta ga Alhaji ba ya aiki haka. Shi kowane ɗauka layinsa dabam, kowane biya layinsa dabam, ragowar kuwa lissafa ta yake yi a lokacin da aka tambaya, yana bin layukan da yatsa a gaban mai bashin. Ta tambaye shi, "Kawu, me ya sa ba ka rubuta ragowar kawai ka huta?" Ya amsa mata cewa ranar da mace ta ce ta biya shi kuma bai gani ba, ragowar ba za ta raba gardama ba, layukan ne za su raba. A kan wannan muka cire gurbin ragowa gaba ɗaya, muka tsara tebura huɗu: na masu saye, na kayan sito, na ɗaukar kaya, da na biya. A SQLAlchemy kowannensu aji ne da ya gaji `DeclarativeBase`, ana bayyana gurabensa da `mapped_column`, alaƙar da ke tsakanin mai saye da cinikinsa kuma da `relationship`.

Akwai abubuwa uku da littafin ya koya mana waɗanda babu takardar koyar da tafinta da za ta faɗa. Na farko farashi ne. Ita ta so ta ajiye farashi a teburin kaya kawai, a riƙa dubawa daga can, amma duk wanda ya yi kasuwanci a Ghana a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, ya san cewa kuɗin buhun masara na yau ba shi ne na makon jiya ba. Da an bi shawararta, duk ranar da aka sauya farashi sai tsofaffin basussuka su kumbura da kansu, a zalunci matar da ta ɗauki kaya da tsohon kuɗi. Don haka kowane layin ɗaukar kaya yana riƙe da farashin ranarsa. Na biyu awo ne, domin ana sayarwa da buhu ana kuma sayarwa da olonka, wato gwangwanin awon hatsi, kuma yawan olonka a buhu ya danganta da irin hatsin da irin buhun, shi ya sa muka bar shi a matsayin bayanin da ake shigarwa ga kowane kaya, ba lambar da aka kafe a cikin manhaja ba. Na uku kuɗin kansa ne. Kwamfuta ba ta iya riƙe yawancin lambobi masu ɗigo daidai, har ma idan aka ce wa Python ya haɗa 0.1 da 0.2 sai ya ba da 0.30000000000000004, kuma SQLite ba shi da wani nau'in ajiya na musamman domin kuɗi. Tun da sidi ɗaya pesewa 100 ne, sai muka ajiye kowane adadi da pesewa a matsayin cikakkiyar lamba, a raba da ɗari a lokacin nunawa kawai.

Inda ta fi shan wahala shi ne fahimtar `Session`, wato zaman aikin da tafintan yake buɗewa tsakanin manhaja da rumbu. Zaman nan yana tara duk abin da aka ƙara ko aka sauya, ya riƙe shi a matsayin ƙulli ɗaya, kuma ba ya tabbata a rumbu sai an kira `commit`. Idan wani abu ya ɓaci a tsakani, `rollback` ya warware ƙullin baki ɗaya kamar ba a fara ba. Da farko tsoro ya sa take kiran `commit` bayan kowane ɗan mataki, tana ganin hakan ne zai hana a rasa bayani. Abin da ya biyo baya ya nuna akasin haka. Kwamfutar siton tsohuwa ce wadda batirinta ya mutu, ba ta aiki sai a jone. Wata rana yaron sito ya shigar da fitar buhu biyu na wake, manhajar ta tabbatar da ragin a teburin kaya, yana cikin buga sunan wadda ta ɗauka a allo na biyu sai aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo, buhuna biyu sun fita daga lissafin sito amma babu wanda aka rubuta wa bashinsu, kuma da ba don Alhaji ya ci gaba da rubutawa a littafinsa ba, da zargi ya hau kan yaron da bai ci ba bai sha ba. Wannan lamari ya dame ni ƙwarai, domin kuskuren mai manhaja ya kusa zama tabo ga amanar wani. Gyaran kuwa bai wuce layuka kaɗan ba: a karɓi duk bayanin tukuna, sannan a yi ragin kaya da rubuta bashi a cikin zama ɗaya da `commit` ɗaya a ƙarshe, ta yadda ko dai duka biyun su shiga, ko kuma babu wanda ya shiga. SQLite da kansa an gina shi ne ya cika wannan alkawari ko da wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu, amma sai mai manhaja ya nuna masa inda ƙullin ya fara da inda ya ƙare.

Matsala ta gaba ta fi wannan ɓuya. An shigar da mace ɗaya sau biyu, sau ɗaya da sunanta na yanka, sau ɗaya da laƙabin da aka fi saninta da shi a kasuwa, sai yaron ya goge ɗaya domin a gyara. A yadda SQLAlchemy yake aiki idan ba a faɗa masa wani abu dabam ba, in aka goge uwa, wato layin mai saye, ba ya goge 'ya'yan da ke rataye da ita, wato layukan cinikinta, sai dai ya share lambar da ke nuna uwar a jikin kowane ɗa. Tun da 'yar ƙanwar Alhaji ta bar wannan gurbi yana karɓar wofi, layukan bashin matar suka zauna a tebur babu mai su. Ba a gane ba sai da jimillar bashin sito ta ƙi daidaita da abin da ake samu idan aka haɗa na kowane mutum ɗaya bayan ɗaya. Muka hana gurbin karɓar wofi, ta yadda rumbun zai ƙi irin wannan gogewa da kansa. A nan ne kuma na nuna mata wani hali na SQLite da yake kama masu farawa da yawa, wato ba ya tilasta bin alaƙar da ke tsakanin tebura sai an kunna masa da umarnin `PRAGMA foreign_keys=ON`, kuma sai an maimaita wannan a duk lokacin da aka buɗe sabon haɗi da rumbun. Daga ƙarshe muka cire maɓallin gogewa daga manhajar, muka sa hanyar haɗe suna biyu su zama ɗaya, da hanyar rufe asusu ba tare da share shi ba. Shi ma wannan daga Alhaji aka koya, wanda ba ya yage shafi, sai dai ya ja layi ɗaya a kan kuskure yadda za a iya karanta abin da ke ƙarƙashinsa.

A duk tsawon aikin, umarnin da na fi nanata mata shi ne ta bar `echo=True` a kunne lokacin da take gwaji, domin da shi tafintan yake buga duk jimlar SQL da ya aika wa rumbu a kan allo. Amfaninsa ya bayyana ranar da ta gina shafin da ke nuna masu bashi da ragowar kowa. A Python rubutun ya yi kyau, gajere ne, ana bin masu saye ɗaya bayan ɗaya ana haɗa cinikinsu. Amma da ta dubi allon sai ta ga jimloli suna ta zubowa ba iyaka, saboda tafintan ba ya ɗauko cinikin mutum sai a lokacin da aka taɓa shi. Idan masu bashi 200 ne, tambaya ɗaya ce ta ɗauko sunayensu, sannan 200 su ɗauko kayan da kowa ya ɗauka, wasu 200 kuma su ɗauko abin da kowa ya biya. A SQLite abin bai cika yin ciwo ba tun da fayil ɗin yana cikin kwamfutar, amma ranar da rumbu ya koma wata na'ura da ake isa gare ta ta intanet, kowace tambaya tafiya ce da dawowa. SQLAlchemy yana da `selectinload` wanda ke tattaro cinikin kowa a tambaya ɗaya, sai dai a wannan shafi ba ma bukatar layukan kansu, jimillarsu muke so. Abin da ya dace shi ne a bar rumbun ya yi haɗin da kansa da `func.sum` da `group_by`, ya dawo da amsa a gama. Ba ta iya rubuta wannan ba sai da ta koma ta karanta yadda SQL yake haɗa tebura da yadda yake tara layuka rukuni-rukuni, ta gwada da hannu, sannan ta dawo ta faɗa wa tafintan. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ra'ayina ne mai ƙarfi cewa duk wanda ya ce wa mai koyo tafinta zai raba shi da koyon SQL ya cuce shi, domin wanda bai ji harshen ko kaɗan ba ba zai san lokacin da tafinta ya yi masa doguwar fassara ko ya faɗi abin da bai nufa ba.

Bayan an fara aiki da bayanan gaske, bukatar sauya tsarin tebur ta taso. Ana so a ƙara gurbin lambar shaidar da ke zuwa da kowane saƙon MoMo, a kuma hana lamba ɗaya shiga sau biyu, tun da an taɓa rubuta biya ɗaya da safe a sake rubuta shi da yamma. Ta ƙara gurbin a aji, ta kira `create_all` kamar yadda ta saba, ta yi mamakin ganin babu abin da ya sauya. Wannan umarni tebur ɗin da babu shi kawai yake ƙirƙira, ba ya taɓa wanda yake nan. Aikin sauyi na Alembic ne, abokin tafiyar SQLAlchemy wanda shi ma Bayer ne ya rubuta, kuma yana ajiye kowane sauyi a fayil mai lamba domin a san matakin da rumbu yake kai. Yana iya kwatanta azuzuwa da tebura ya tsara sauyin da kansa, amma dole a karanta abin da ya tsara kafin a zartar. Da ta sauya sunan wani gurbi, Alembic bai gane sauyin suna ba ne, ya rubuta a goge tsohon gurbi a ƙirƙiri sabo, wanda da an zartar da duk lambobin wayar masu saye sun tafi. Ita da kanta ta kama wannan kafin in gani, kuma a ranar ne na daina duba kowane layi da ta rubuta. Mun kafa doka cewa kowane sauyi sai an gwada shi a kwafin fayil tukuna, kuma kullum bayan an rufe sito ana kwafe rumbun zuwa filashi da ke kwana a gidan Alhaji a kulle, domin sunaye da lambobin waya da basussukan mutane suna cikin abin da dokar kare bayanan mutane ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa mai riƙe su nauyin tsarewa.

Saura matsalar nemo suna, wadda ta shafi harshenmu kai tsaye. SQLite yana daidaita babban baƙi da ƙarami a wajen nema ga haruffan Ingilishi ne kawai, saboda haka a wurinsa Ɗ da ɗ baƙaƙe ne biyu da ba su san juna ba, haka ma Ƙ da ƙ. Ga shi kuma madannin kwamfutar siton ba shi da baƙaƙe masu lanƙwasa, don haka wani ya rubuta suna da ƙ, wani da k, wani ya sa hamza, wani ya bar ta. Muka ƙara gurbi na biyu wanda mai aiki ba ya gani, inda Python yake ajiye sunan bayan ya mayar da shi ƙananan baƙaƙe, ya miƙe masu lanƙwasa, ya cire hamza, kuma da `validates` muka sa wannan ya riƙa faruwa da kansa duk lokacin da aka shigar ko aka gyara suna. Da wannan gurbi ake nema, da shi kuma manhajar take gargaɗi idan sabon suna ya yi daidai da wanda yake ciki, amma a rasiti sunan mutum yana fitowa yadda aka rubuta shi daidai.

Yanzu 'yar ƙanwar Alhaji ta tafi hidimar ƙasa, yaron sito ne yake riƙe da kwamfutar, an kuma saya mata sabon batir. Alhaji bai ajiye littafinsa ba, kuma ban nemi ya ajiye ba. Kowace Juma'a bayan la'asar shi da yaron suna kwatanta jimillar littafi da ta allo, idan sun saɓa a bi layuka har a gano. Biyan MoMo har yanzu da hannu ake shigar da shi daga saƙon waya. Akwai maganar sa kwamfuta ta biyu a ƙofar baya inda ake sauke kaya, kuma idan hakan ta tabbata za a koma PostgreSQL, wani rumbun bayanai da ke karɓar marubuta da yawa a lokaci guda, tun da SQLite marubuci ɗaya yake bari a lokaci guda kuma ba a so a raba fayil ɗinsa tsakanin na'urori biyu. Azuzuwan da ta rubuta za su tafi kusan yadda suke, layin da ke nuna adireshin rumbu ne zai sauya, amma mun yi da ita cewa idan ta zo hutu za ta kwashe bayanan zuwa rumbun gwaji, ta kunna `echo`, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya kafin a taɓa na siton.